Zomanya a Bakin Ƙofar Noreen

Faɗan da muka taɓa yi da Lindsay Pruett a kan zomo ne. Na leƙa ta kan shinge na ga ya haɗa keji, da zomaye biyu a ciki, sun yi ɓul-ɓul. Na ce masa in lokaci ya yi ya ba ni ɗaya, akwai tafarnuwa da tumatir a gidana. Mu da muka zo daga ƙasar Malta ba mu san wani amfanin zomo ba in ba a tukunya ba.

"Nanna Guza, suna da suna fa," in ji shi. "Wannan Biskit, waccan Madam."

"To kaza ma ai tana da suna, sunanta kaza."

Ya daɗe bai gaishe ni ba, har inabi ya nuna.

Abin dariyar, duk garinmu na Mildura ba wanda ya kai gidan su Lindsay ƙin zomo. A gonar inabi aka haife shi, a bakin kogin Murray, can ya yi ta yankan reshe har bayansa ya lanƙwashe. Yana ƙarami aka saki wani ciwon zomaye da ake kira mikso don a rage zomayen daji da suka cinye ƙasar. Ya ce ubansa rawa ya taka a tsakar gona da ya ga gawarwakinsu. Sai ga ɗan wannan mutumin, da furfurarsa, yana yanka wa zomo karas siriri-siriri. Jikarsa ce ta bar masa su da za ta tafi karatu Melbourne. Matarsa Noreen kuwa ta riga ta rasu, gidan ya yi masa faɗi.

Shekarar da kogi ya cika ya tumbatsa, sauro ya yi gari. Wata safiya Lindsay ya tarar da idanun Biskit sun kumbura sun rufe, kunnuwa sun zube. Likitar dabbobi ta ce mikso ne, ba magani, ta yi masa allura ya mutu ya huta. Rigakafin ma ba a yarda da shi a ƙasar nan ba, wai kada na daji su samu kariya. Sauro ke kawo ciwon, in ji ta, don haka a raba Madam da sauro.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Lindsay ya tashi haiƙan. Ya ƙone tsohon kejin, ya kifar da duk wani bokiti da tsohuwar taya da ke tara ruwa. Sannan ya shiga rumfar kayan gona ya jawo ragar da suke rufa wa inabi saboda tsuntsaye, ya naɗe sabon keji da ita har ninki uku. Ga wanda ya tsufa a gonar inabi, raga raga ce.

"Lindsay, tsuntsu ne ya kashe Biskit?"

"Ninki uku ne, Nanna."

"Ko ninki goma ne. Ramin da yatsana ke shiga, sauro da danginsa za su shiga su yi biki."

Ya ci gaba da ɗaure ragarsa. Da la'asar ta yi sanyi sai ya ɗauko kujera ya zauna gaban kejin da tawul yana fifita, sauro na cin ƙaurinsa. Na ce ya shigar da Madam cikin gida mana, tagoginsa duk suna da ragar sauro ta gaske. Ya girgiza kai. Noreen tana da doka: ba mai ƙafa huɗu da ke wuce ƙofar kicin ɗinta sai tebur. Karensu ma a baranda ya tsufa ya mutu. Tun rasuwarta Lindsay bai karya ko ɗaya daga dokokinta ba, har yau a bakin ƙofa yake cire takalmi, ba mai ganinsa.

Wani yammaci ya kira ni da kansa. Na zagaya na same shi durƙushe. Sauro ne cikin ragar, sun shiga sun kasa fita, suna shawagi a kan kunnuwan Madam. Ita ko a jikinta, tana ta tauna ganye. Ya yaye ragar ya ɗauko ta, ya duba idanunta ɗaya bayan ɗaya. Garau suke. Ya rungume ta ya nufi kicin, ya tura ƙofar da gwiwar hannu, ya cire takalmi, sai ya tsaya cak a kan dokin ƙofa.

"Ba za ta so ba," ya ce a hankali.

"Wa? Zomanyar?"

"Kin san wadda nake nufi."

Na san ta kuwa. Mun sha shayi tare, mun yi gulmarsa tare a teburin nan. Na ce masa, "Matar da ta zauna da kai da minsharinka har ƙarshen ranta, ba zomanya za ta kora ba. Shiga ka ja ƙofar nan, kana cika mata kicin da sauro."