Ratar Taya Ana Gobe Jere

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ba ta fara tatsuniya sai ta ga an tura dankali cikin toka. A Ɗankaza muke a lokacin. Da an idar da sallar isha sai mu kewaye wutar kara a tsakar gida, ita kuma ta miƙe ƙafafu, ta yi doguwar hamma ta ce, "Ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi, dankalinsa ya zama nawa."

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wani mai fito a kogin Wudil. Kwale-kwalensa ya yi masa kaɗan, sai ya ƙara masa katako gefe da gefe. Ya tura shi ruwa ba kowa a ciki, ya ga bakinsa can sama, murna ta kama shi. Ranar kasuwa ya loda mutane da awaki da buhunan gero. Suna kaiwa tsakiya ruwa ya iso mahaɗin katakon, ya fara shigowa.

"To ku faɗa min," in ji Iya, "wa yake auna jirgi yana fanko? Ai ko ƙwarya ma gwanar iyo ce in ba komai a cikinta."

Mu dai awakin da suka sha ruwa muke yi wa dariya.

Bara, ana gobe jeren 'yata a Utai, tatsuniyar nan ta dawo min. Ina da tsohuwar a-kori-kura da na sa aka ƙara wa sifirin a baya, aka sa mata manyan tayoyi saboda ramukan hanyar ƙauye. Bayan la'asar na shimfiɗa buhu a ƙofar gida, na kwanta na zura hannu tsakanin tayar baya da bodi. Tafin hannuna ya shige har da saura. Na miƙe da ƙyar, bayana kamar an daka, hidimar biki ta gama cinye ni. Ba abin da nake so irin in ce shi ke nan.

Amma motar fanko take. Na sa aka ɗora gado da katifa da kwanuka, na roƙi matan da za su je jeren su hau su zauna. Suka hau suna mita. Da na sake kwanciya, ɗan yatsana ma da ƙyar ya shiga. Ramin farko, bakin ƙarfen bodin nan zai yanka tayar, ga kuma mutane a sama.

Na ce da mai ɗakina sai dai a yi sahu biyu, gado ya biyo baya.

Ta ce, "Haba Malam! Masu jere su sauka ba gado? So kake dangin miji su yi mana dariya?"

Na ce, "Gara su yi mana dariya da su zo mana gaisuwa."

Gari ya waye. Sahu biyu na yi, dariyar kuwa an yi ta, da kunnena na ji. Amma yarinya ta kwana a kan gadonta, matan kuma kowacce ta koma gida da ƙafarta.

Yanzu da furfura ta cika min gemu, ina ganin ba jirgi kaɗai Iya take nufi ba. Mutane da safe suke ganin magidanci, ya wanke fuska ya sa hula, su ce ai wannan zai ɗauka, a ƙara masa. Bayan an gama lodi kuwa, ban taɓa ganin wanda ya durƙusa ya duba abin da ya rage ba.