Kuɓewar Inna da Kyarketan Amurka

Shekarar da Inna ta zo mana garin Bowie a Amurka, ɗan farina yana dab da gama sakandare, ya yi tsawon da sai na ɗaga kai nake yi masa faɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, don Inna na iya sa a karanta mata wannan, kuma har yau ba ta daina mamakin yadda nake kiran sunan ɗan fari gatsau a gaban mutane ba. An shirya za ta zauna da mu daga shigowar zafi har ƙarshen shekara. Wannan ne karon farko da za ta ga jikanta ido da ido tun yana rarrafe.

A filin jirgi ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta taɓe baki.

"Au, wannan ne mijin nawa? Duk tsawon nan, ko kwabon cefane bai taɓa aiko mini ba? Ni dai an cuce ni."

Yaron yana jin Hausa sarai, amsawa ce kawai yake yi da Turanci. Na ga fuskarsa ta canza. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sori, Kaka."

Inna ta tsaya tana jiran saura, amma babu saura. A wajenmu kaka da jika abokan wasa ne. Idan ta ce masa miji marar cefane, shi kuma ya ce wa zai ciyar da tsohuwar da haƙoranta suka ƙare, a yi dariya, ta bi shi da mafici. Mu kuwa mun koya wa yaron nan gaisuwa da durƙuso da rashin mayar wa babba magana, har ya zama duk taron suna a garin Mitchellville da ke maƙwabtaka da mu da shi ake yi wa sauran yara misali. Wasa da kaka ba a koyar da shi, a tsakar gida ake tsintarsa, tsakar gidanmu kuma ba ta taɓa samun kaka ba.

Na ja shi gefe na yi masa bayani. Ya saurare ni kamar na ce ya je ya fasa gilashin masallaci. Ya ce yanzu tsohuwa ta ƙetaro teku don ta gan shi, ni kuma ina so ya yi mata rashin kunya? Da na matsa masa, ya gwada sau ɗaya. Ya tsaya a ƙofar falo, hannuwa a baya, ya ce, "Kaka, kin tsufa," da murya irin ta mai karanta sanarwar rasuwa. Kafin ta buɗe baki ya riga ya ba ta haƙuri ya haye sama.

Inna ba ta saduda ba. Kullum da safe sai ta tare shi da maganar cefane. Rannan ya dawo daga makaranta da leda a hannu, ya durƙusa ya ajiye a gabanta: tumatir ne da albasa da attaruhu, da kuɗin aljihunsa ya saya. Babansa ya yi dariya har da tari. Inna ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon ledar, ta ce Allah ya yi albarka, ta tashi ta shige ɗaki.

Da yamma ta kira ni. Tana ninke zannuwanta, waɗanda a ninke suke dama.

"Ki sa a matso mini da tikitin nan. Gida zan koma."

Na ce, "Haba Inna, me aka yi miki?"

"Ba a yi mini komai ba, shi ne abin. Na zo ganin jika, na tarar da ma'aikacin otal. Ranki ya daɗe, ga ruwa, ranki ya daɗe, ga kujera. Yaron da ba ya tsokanar kakarsa bai san tasa ba ce."

Na ji zafin maganar nan ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa, na kuma san yaron yana sonta iyakar so. Na ce mata sai an jira kamfanin jirgi ya samo gurbi. Ban kira kamfanin ba, amma kullum sai ta tambaye ni, kuma na san uzurina ba zai yi nisa ba.

Ana cikin haka aka ba su muhawara a makaranta. Can yammacin ƙasar, inda ake da manyan duwatsu da garken shanu, ana ta rigima kan kwaso kyarketai daga wani daji a sake su a wani. Masu kiwo sun ce ba su yarda ba, maharba ma sun ce ba su yarda ba. Aka ba yarona ɓangaren masu cewa a kwaso. Ya mayar da kicin ɗina dandali, yana zagaya teburi yana nuna firij da yatsa, firij ɗin ne alƙali.

Inna na gyaran wake. Ta ce, "Wannan ihun fa? Da wa yake faɗa?"

Na fassara mata. Ba ta san irin kyarkecin ƙasar nan ba, don haka na nuna mata hoto a waya. Ta kanne ido ta duba, ta ce wannan ai kare ne da ya ci ya ƙoshi. Na ce yana cin maruƙa da tumaki. Ta ce to ƙanin kura ne, magana ta ƙare, ina maharba? Na ce ba kashe shi ake yi ba. Harbinsa ake yi da allurar barci, likita ya duba lafiyarsa, a ɗaura masa abin wuya mai nuna inda yake, wani lokaci har a jirgi ake ɗaukarsa a kai shi sabon wuri.

Ta ajiye faifan waken.

"Jirgi? Jirgin da na yi layin biza tun asuba kafin na hau? Shi wa ya yi masa tambayoyi?"

"Babu, Inna."

"Kuma kusa da shanun mutane ake sauke shi? Gwamnati da kanta? To, an ba kura ajiyar nama."

Inna a bakin daji ta tashi. Mahaifinta yana da shanu, yayanta maharbi ne, kuma tana yarinya kura ta shiga turke ta ɗauke tunkiyar da aka ba ta. Har yau tana tuna kalar tunkiyar da yadda take kuka. Tun daga ranar nan ta zama lauyar makiyayan Amurka, mutanen da ba ta taɓa gani ba, masu faffaɗar malafa da dogon takalmi. Ta ce 'yan'uwanta ne, duk wanda ya kwana da kunne ɗaya a turke ɗan'uwanta ne.

Ni na zama tafinta, duk da ba a buƙatata sosai. Yaron zai faɗi hujjarsa da Turanci cikin ladabi, in mayar mata da Hausa, ita kuma ta yi masa raga-raga kai tsaye. Ya ce ana biyan makiyayi diyya idan an ci masa dabba. Ta ce wanda ya ce kuɗi na maye saniyar da ka san uwarta da kakarta, bai taɓa riƙe igiyar saniya ba. Ya ce dajin nan asalinsa na kyarkeci ne, mutane ne suka ƙarar da shi. Ta ce gidan nan ma asalinsa daji ne, ya tashi ya ba su ɗakinsa. Ya ce maharba na kuka ne kawai don kyarkeci zai rage musu naman daji. Ta ce to da me za su yi kuka, da daɗi? Ya ce idan babu mai cin barewa, barewa na yawa har ta cinye tsiro da ƙananan itatuwa, daji ya lalace. Nan ta yi dariya sosai. Ta ce barewa? Wannan baiwar Allah mai siraran ƙafafu? Ta ce masu zama a gari ne ke son namun daji, don a talabijin suke ganinsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk wannan yana rubutawa. Ya ce mini kakarsa ta fi duk yaran ɗaya ɓangaren iya hujja. Amma da ta gama sai ya ce, "Na gode, Kaka," ya tattara takardunsa. Ita kuma ta juyo gare ni ta ce kamfanin jirgin nan har yanzu shiru?

A bayan gidanmu akwai ɗan fili da ya dangana da itatuwa. Tun zuwanta Inna ta kafce gefe guda ta shuka kuɓewa da yakuwa, ta ce ba za ta ci kuɓewar da aka daskarar a leda ba tana da hannu. Nan take wuni idan mun tafi aiki. Kuɓewar ta yi kyau har maƙwabcinmu na leƙowa ta katanga yana tambayar sunanta, kuma a lokacin ta fara 'ya'ya sosai.

Wata Asabar da safe muka ji salati daga bayan gida. Muka fito a guje, ni da ɗankwali a hannu, babansa da takalmi ƙafa ɗaya. Inna na tsaye a tsakiyar lambun. Kuɓewa ta zama tsirara, sanduna kawai a tsaye, yakuwa kuwa kamar an yi mata aski. A bakin itatuwa ga barewa uwa da 'ya'yanta, suna tauna suna kallonmu, ko gezau.

Inna ta cire silifa ta jefa. Barewar ta matsa kaɗan ta ci gaba da tauna.

"Ku gan ta! Ku ga idonta, ko kunya babu! Wai garin nan babu maza ne? Ina maharba? Da yayana na raye da tuni kina cikin tukunya!"

Babansa ya ce ba a harbi a cikin unguwa, doka ta hana. Ta ce wace irin ƙasa ce wannan, ɓarawo na da doka, mai gona ba shi da ita? Ta ɗauko ɗaya silifar.

Yaron na tsaye a bayana da kofin shayi. Na ji yana wani irin numfashi, na waiga, ashe dariya yake dannewa har kafaɗunsa na rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Sai kawai na ji Hausa ta fito daga bakinsa, a karkace amma a sarari:

"Kaka, in kira gwamnati? A kawo miki kyarkeci ɗaya. A jirgi."

Shi kansa ya toshe baki da hannu, shayi ya zube masa a ƙafa. Inna ta juyo a hankali, silifa a hannu.

"Me ka ce?"

Na ga bakinsa ya fara haɗa kalmar haƙurin nan tasa, na taka masa ƙafa da ƙarfi. Ya haɗiye ta. Ya ce, "Baiwar Allah ce fa, Kaka. Mai siraran ƙafafu. Ke kika ce."

"La ilaha illallahu! Ni kake yi wa? Miji marar zuciya, an cinye gonar matarka kana tsaye kana shan shayi!"

"Tsohuwa, ke ma jifa kika yi ba ki samu ba."

Silifar ta biyu ta same shi a gadon baya, don wannan karon ba ta kuskure ba. Ya zagaya gidan a guje tana biye da shi ba takalmi, tana kiransa sunayen da na manta akwai su, tana dariya har ta dafa katanga tana haki. Barewa dai da ta ga mahaukata sun fi ƙarfinta ta kwashi 'ya'yanta ta shige itatuwa. Babansa ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, bakin nan gado ne. Inna ta ce duk wanda ya sake ambatar barewa a gidan nan ba zai ci abincinta ba.

Ranar da kanta ta zuba masa tuwo, miyar kuka, tana zubawa tana cewa ba don halinsa ba. Ya ce gishiri ya yi yawa, alamar tsufa ce. Ta ce ya tashi ya auro Baturiya ta dafa masa ganye ɗanye. Ni ina bakin tukunya na juya musu baya, don hawaye ne suka cika mini ido kuma ba na so a tambaye ni.

Game da kyarkeci ba ta sauya ra'ayi ba ko kaɗan. Ta ce a kai su gidan wanda ya kawo shawarar, a sake su a falonsa. Ta yarda dai, da ƙyar, cewa a ɗan ara mata ɗaya na mako guda, a ɗaure shi a bakin lambu.

Da muka idar da la'asar na shiga ɗakinta. Na ce, da gangan, gobe zan sake kiran kamfanin jirgin nan.

Ba ta ɗago daga carbinta ba.

"Bar tikitin yadda yake. In tafi in bar wa wannan marar kunyar fili? Sai na gyara masa zama tukuna."