Gawon Kaka

Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya sayen dusa, sai na ga wani mutum ya baza 'ya'yan gawo a kan buhu yana sayar wa masu kiwo. Na ɗauki ɗaya, murɗaɗɗe, ja-ja, na kai hanci. Mai kayan ya tambaye ni kwano nawa zai auna, ni kuwa hankalina ya riga ya koma ƙauyenmu. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, yau sai na amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa.

A wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo aka haife ni. Gidajenmu ba su kai ashirin ba, duk masu bin Almasihu ne, kewaye da maƙwabta Musulmi waɗanda muke cin kasuwa ɗaya, muna zuwa wa juna suna da gaisuwar mutuwa. A bayan gidanmu, tsakiyar gonar gero, akwai wani gawo da manya biyu ba sa iya rungumewa. Kowa ya san shi da gawon Kaka, wato mahaifiyar babana.

Kaka ba ta san ko baƙi ɗaya ba. 'Yar Maguzawa ce, ubanta ma shi ne mai tsafin garinsu, kuma da hannunta ta ƙone layunta ranar da aka yi mata baftisma. Kullum da safe takan taka zuwa gindin gawon nan, ta ɗora tafin hannu a jikinsa, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina biye da ita don kawai tana tsokanata, tana ce mini ƙawarta mai bakin aku.

Ita ta nuna mini halin gawo. Da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, rana ta samu geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙamas, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Ta ba ni labarin shekarun tsuke bakin aljihu, da ruwa ya ɗauke, kuɗin komai ya tashi, shanun mutane suka yi ta faɗuwa. Awakinta uku da 'ya'yan gawon nan suka rayu, da nononsu kuma aka raini yayana.

"Wanda ya koya wa itace ya tuɓe don wani ya rayu," in ji ta, "ai shi ne ya tuɓe ya hau gicciye dominmu. Ni a nan nake ganinsa."

Na ji da kunnena. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, don ba zan iya cewa ban sani ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka soma maganar Shari'a a Kano. Maza suka manne wa rediyo, mata suka rage dariya a bakin rijiya. Babu wanda ya taɓa mu, amma tsoro ya shiga gida ya zauna, kuma kalmar arna da muke ji jefi-jefi ta koma yi mana zafi. A lokacin aka turo mana sabon mai bishara, saurayi daga makarantar Littafi Mai Tsarki, haihuwar birni, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Ba mugu ba ne. So yake mu tsarkaka, kada wani ya samu abin nuna mu da yatsa. Wata Lahadi ya tambaye mu yara ko akwai wanda ya ga ragowar tsafi a gidansu. Ni uwar iyayi, mai son a ce ta fi kowa, na ɗaga hannu na ce kakata tana magana da gawo kullum. Ya yaba mini a gaban yara, na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni sarauta.

Dattawan ikilisiya suka kira ta. An ce ta gaya musu ita da Ubangiji take magana, gawon wurin tsayawa ne kawai. Amma ga tarihin ubanta, ga zamanin da ake ciki. Suka sa ta ƙarƙashin horo: ba za ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake rabawa a sujada, muddin itacen yana tsaye. Wata uku tsohuwar nan tana zama a bencin ƙarshe, farantin gurasa yana wuce ta, hannuwanta a kan cinya. Ta rame. Ba ta daina zuwa sujada ba, ba ta kuma daina zuwa gindin gawo ba.

Babana ne ya gaza. Ya ce ba zai zuba ido uwarsa ta mutu a wajen ikilisiya ba. Da labari ya bazu, wani dattijo maƙwabcinmu, Malam, wanda tumakinsa ke sha inuwa a wurin, ya zo har ƙofar gida. Bayan doguwar gaisuwa ya roƙi Baba don girman Allah ya bar itacen, ya ce shekara arba'in ya san Kaka, bai taɓa ganin ta yanka ko kaza a gindinsa ba. Baba ya yi godiya, kansa a ƙasa. Washegari masu motar itace suka zo da gatura.

Kwana biyu suka yi suna sara, a tsakiyar rani, yana cike da ganye. Da ya faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin ɗaki, awakin unguwa suka rufe shi suna ci kamar ranar biki. Kaka ba ta fito ba.

Lahadin da ta biyo aka mayar da ita, ta karɓi gurasa. Da safiyar Litinin ta kira ni. Na zo ina jiran faɗa, don na tabbata ta san bakin wa ya kai maganar.

"Ƙawata," ta ce, "tunda an rufe mini nawa littafin, ɗauko naku ki riƙa karanta mini."

Haka na yi ta karanta mata kowace safiya har damina biyu. Tana saurare, tana cewa amin, amma fuskarta kullum tana wajen filin da ya zama fayau. Ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba. Ni ma kunya ta ɗaure mini baki, ina cewa gobe zan roƙe ta gafara, har goben ta zo ta tarar an binne ta.

Yanzu majami'armu ta siminti ce da kwano, har da lasifika, kuma yara suna karanta Littafi a waya. Daga ƙofarta kana hango gari na gaba, babu itacen da zai tare maka ido. Bara na haɗu da mai bisharar nan a wajen wani biki, ya yi furfura, ya yi laushi. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ƙarfin hali na tuna masa. Ya yi ta lalube a ransa, sannan ya ce, "Wane gawo, 'yata?"

Da gaske ya manta. Ni da na ɗaga hannu, ni aka bar wa kayan.