Baba Sale Mai Risho da Kafofi Biyu na Madafina

Ina cikin aji ranar Talata da hantsi, ina rubuta darasi a allo, aka ce mijina yana jirana a bakin ƙofar makaranta. Bai taɓa barin shagon ɗinkinsa ya zo wajen aikina ba, don haka tun kafin in ƙarasa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Allah Ya yi wa Baba Sale rasuwa, bayan azahar za a kai shi." Na yi salati, na koma na sallami ɗalibai, muka tari taksi zuwa unguwarmu Briqueterie.

A unguwar nan aka haifi Baba Sale, iyayensa fatake ne daga ƙasar Kano. Ya yi shekaru yana kuku a gidan wani Bature, inda ya fara ganin murhun gas. Shi da kansa ya ba ni labarin cewa maigidan yana fita sai ya kwance murhun ɗaiɗai, ya jera ƙarafan a kan tebur, don kawai ya ga ta inda iskar ke bi. Da ya bar aikin sai ya kafa rumfar gyaran risho da fitila. Daga unguwar Nkomkana har unguwar Madagascar, duk wanda ya sayi murhun gas, kuma ba su da yawa, shi ake kira ya haɗa.

Shekara huɗu da suka wuce na sayi nawa, mai kai biyu, don na gaji da hura gawayi kafin in tafi aiki. A gidan surukina Alhaji muke zaune, madafina kuwa wani ɗan ɗaki ne marar taga, bangonsa na baya yana kallon titi. Baba Sale ya zo da jakarsa. Bai ko kalli murhun ba. Ya shiga ɗakin, ya rufe ƙofa a kansa, ya jima, sannan ya fito.

"Malama, ta ina iska ke shiga nan?"

"Ta ƙofa mana, Baba."

"In ana ruwa fa?"

Ya ce ba zai haɗa ba sai an huda bango. Alhaji kuwa ya ce muddin yana raye ba mai buɗe taga daga titi zuwa inda matan gidansa ke girki. Baba Sale bai yi gardama ba. Ya naɗe tiyonsa, ya mayar jaka, ya yi sallama.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa har yau. Na je kasuwar Mokolo na sayi tiyo, na haɗa da kaina. Kwana uku ina girki ƙofa a buɗe, ina ganin tsohon ya cika tsanani. Rana ta huɗu ruwa ya sauko da iska, na ja ƙofa na rufe, wake a wuta ɗaya, miya a ɗaya. Kaina ya fara sarawa. Na zauna a kujera in huta, ban ƙara sanin inda nake ba sai a tsakar gida, surukata tana yayyafa mini ruwa tana kiran sunana. Da ba ta zo aron gishiri ba, Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare. Ina da cikin wata biyar a lokacin.

Washegari Baba Sale ya zo. Na shirya shan faɗa, sai ya zauna a kan tabarma ya yi mini sannu, ya shiga tambaya. Wane launi wutar ta yi kafin in faɗi, shuɗiya ko ɗorawa? Na ji wari? Ciwon kan ne ya fara ko jirin? Yana saurare kamar ni ce malamarsa. Da na gama ya ce, "To, na ƙaru. Ban san jirin yana zuwa da wuri haka ba."

Daga nan ya nemi ganin Alhaji a zaure. Ina laɓe ina kallo. Ya kunna guntun kyandir a ƙasa, ya kifa masa kwalba mai faɗin baki. Wutar ta yi ƙasa, ta mutu.

"Sake," in ji Alhaji.

Ya sake. Alhaji ya sa aka kawo babbar kwalbar da ake zuba alewa, ya ce a gwada da ita, yana ƙirge da carbinsa. Ta daɗe, amma ta mutu. Dattawa biyu a tsugune, sun manta da kowa. Can Baba Sale ya tokare bakin kwalbar da tsinken ashana ta gefe ɗaya, wutar ta yi rauni amma ta ɗan ƙara jimawa. Ya ce, "Alhaji, ita ma wutar numfashi take yi. In ta cinye iskar ɗaki, sai ta bar wa mutum wadda ke kashewa. Ni ba taga nake nema ba. Kafa biyu nake so, inda ido ba ya kaiwa."

Haka aka yi. Ya huda ɗaya can sama dab da kwano, don zafi da gurɓatacciyar iska su fita. Ɗayar ya huda ta ƙasa, daidai da daɓe, ya sa musu raga saboda ɓera. Na tambaye shi amfanin ta ƙasan. Ya ce gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, dole a ba shi hanyar fita. Ya tsayar da tukunyar gas ɗin a miƙe, nesa da wuta. Sannan ya kaɗa sabulu a kofi, ya shafa kumfar a mahaɗar da na yi da hannuna. Nan take ta fara tasowa ƙwal-ƙwal. Ya kira ni in gani. Ya cire tiyona, ya sa nasa, ya ɗaure da zoben ƙarfe.

Akwai maganganunsa da suka zauna mini. "Ashana tukuna, sannan ki buɗe gas." "In kin ji wari, kar ki nemi wurin da wuta, nemi da sabulu." Wadda ya fi yawan faɗa kuwa ita ce, "Ban sani ba, amma bari mu gwada." Ban taɓa jin dattijo mai saurin cewa bai sani ba kamarsa. Duk bayan 'yan watanni yakan biyo ya lanƙwasa tiyon a hannu ya ga ko ya fara tsagewa, ya ɗauki 'yata Rabi, wadda ita ce cikin nan, ya yi mata wasa, ya wuce.

Makon jiya na je gaishe shi yana kwance, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce in matso. Na zaci wasiyya zai yi. Sai ya ce, "Malama, ke da kike karanta littattafan Faransanci, warin nan na gas, nasa ne ko zuba masa ake yi? Shekaru ina tunani." Na ce zan bincika. Ranar Litinin malamin kimiyya na makarantarmu ya gaya mini zuba masa ake yi da gangan, don mutane su ji in ya tsiyaye. Na ce gobe in an tashi zan kai masa amsar.

Allah Ya jiƙan Baba Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Rayukan da ya tsare a gidajen unguwar nan, har da nawa da na 'yata, Allah Ya sa su a mizaninsa. Allah Ya ba matarsa Inna Ladi da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya zama gatansu. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.