Tsumman Baba Mode a Gonakin Mandera

Ina tsoron sassaben bana. Idon Baba Mode ya yi rauni, 'yarsa Hasiya za ta mai da shi Bodinga wurinta, kuma tuni ana wasa gatari a Mandera.

Shekara da shekaru, da an idar da sallar asuba sai ya rataya adda ya bi gonaki, tasa da na mutane. Duk kututturen da ya toho, kalgo ko sabara ko gawo, sai ya tsuguna ya rage masa rassa, ya bar biyu masu ƙarfi, ya ɗaura musu tsumma don kada a sare. A garin da ake yabon manomi da share gona ƙal, wannan abin dariya ne.

"Baba, wagga gona ta ko daji?" in ji ƙanena Haliru.

"Bari iska ta taso, ɗana."

Ta kuwa taso, ta binne shuka da rairayi. Inda tsummansa yake, gero ya tsira. Gonarmu ta gādo na ciki, da ita na ciyar da 'ya'yana.

Bara wasu baƙi daga Sakkwato suka auna kaurin itatuwan. Wai itatuwan suna zuƙe wata iska mai fita daga hayaƙin injuna, mai ƙara wa duniya zafi. Hankalina ya tashi, don awakinmu ganyen suke ci, yara su sha nono. Suka ce babu komai, iskar tana zama itace ne. Har yau ban gane yadda iska ke zama itace ba.

Yanzu Haliru yana so mu yi gawayi da namu itatuwan. Na kai wa Baba ƙara.

"Ni ban taɓa ganin iskag ga ba," ya ce. "Amma sun ce in ka ƙone icce, abin da yas sha sai ya amayo shi. Kai dai dubi geronka."

Baba Mode, kai ne ka raini abin da kowa ke kira datti. Mun gode, Allah Ya saka maka. Jama'a, kowa ya bar ko da kututture ɗaya a gonarsa.

Jiya na sabunta tsumman da tsohon zanen uwar yarana. Haliru ya gani. Ban san ko zai haƙura ba, kuma a sabon toho ban san wane reshe ake bari ba.