Baba Ina-Rana da Tukwanensa Ɗari Uku

Tun kafin a buɗe babbar ƙofar rukunin gidajenmu, shi ya riga ya shigo ta ƙaramar ƙofar baya da garwar ban-ruwa a hannu. Yana farawa daga layin tukwanen da ke jikin katanga. Ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasar kowace tukunya. Wadda ta bushe ya shayar da ita, mai danshi kuma ya wuce ta yana cewa, "Ke kin ƙoshi." Shekara ashirin da takwas ke nan yana rainon furanni a wannan lungun, ya raba wa masu son ƙawata ɗan tsakar gidansu.

Baba Ina-Rana muke kiransa, domin duk wanda ya je neman fure, tambayar farko ita ce, "Ina rana take faɗowa a gidanku?" In ka yi shiru, ya ce, "Je ka duba ka dawo." Bayan wannan sai ya tambayi yara nawa ne a gidan, wa zai riƙa ban-ruwa, akwai mai tari ko babu.

Matar likita ta taɓa nace wa wani fure mai ruwan hoda. Ya hana ta, domin ruwan jikinsa guba ne, ɗanta kuma yana rarrafe.

"Baba, kai mai lambu ne ko alƙali?"

"Mai lambu ne, uwar ɗakina. Yaro ya yi wayo ki dawo."

Wata biyu ba ta gaishe shi ba. Bayan shekara huɗu, shi ya ɗauko tukunyar a ka ya kai mata har ƙofa. Tela mai ciwon asma ya so mai ƙamshi a bakin taga, Baba ya ƙi, ya ba shi mai faɗin ganye. Mahaifiyata ta so wardi a wani lungu da rana ba ta leƙawa. "Ba na kai fure inda zai mutu," ya ce, ya miƙa mata ɗaɗɗoya. Ɗaɗɗoyar tana nan har yau.

Wannan mutumin ne sabon manaja ya aika wa takardar ritaya ranar Litinin. Godiya layi biyu. Layi na uku ya ce a kwashe tarkacen da ke jikin katanga kafin Juma'a, za a yi wurin ajiye motoci. Tarkace! Tukwane ɗari uku, wasunsu sun girmi manajan a wannan wuri. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu, sannan ya tafi ofis.

"Ranka ya daɗe, ina zan kai su? Ɗaki ɗaya gare ni, babu tsakar gida."

"Wannan kuma ya rage naka, Baba. Ciyawa ce fa."

A bakin ƙofar ofishin an riga an jera furannin roba, ja da rawaya, har ƙura ta fara hawansu.

Ba manajan kaɗai nake jin haushi ba. Mu fa? 'Yan kwamitin rukunin gidajenmu sun ga takardar suka sa hannu, kowannensu kuma da shukar Baba a ƙofar gidansa. Mu sauran muka yi kwana biyu muna wuce shi da "Sannu da aiki", yana ci gaba da shayar da abin da aka yanke wa kwana huɗu. Ni ma na wuce, kaina a ƙasa.

Telan nan ne ya bi gida-gida jiya Laraba yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana cewa a zo a ceci tukwanen. Da safiyar yau aka taru da baro da bokitai, kowa na shirin sungumar wadda ta yi masa kyau. Baba ya tare gaba, ya ce a yi layi, kowa sai ya amsa tambayoyinsa tukuna.

"Haba Baba, gobe fa za a zubar da su!" in ji tela.

"Gara a zubar a gabana da su mutu a bayan ƙofarka."

Ana cikin haka manajan ya iso, ya nuna babban wardin da ke kusurwa, ya ce a kai masa ofis.

"Ina rana take faɗowa a ofishinka?"

"Ba ta shigowa. Akwai na'urar sanyi."

"To, na robar sun dace da kai."

Baba, kai ne ka san gidajenmu fiye da waɗanda suka zana su. Kai ne ka zaɓi a yi fushi da kai da ka bar yaro ya sa guba a baki. Mai hana mutum abin da yake so, ya ba shi abin da zai rayu a hannunsa. Ba mu kare maka lungunka ba, kuma da kunya nake rubuta wannan. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba masu aiki a ko'ina irin gaskiyarka, su iya cewa a'a ko da babba ne ya nuna da yatsa.

Zuwa la'asar ɗin yau, saura tukwane arba'in da ɗaya a jikin katanga. Motar kwashe shara za ta zo gobe da hantsi. Duk mai taku biyu na fili a gidansa ya riga ta zuwa. Amma kafin ku fito, ku tsaya a tsakar gida ku duba inda rana take faɗowa, domin zai tambaya.