Baƙon da Ke Ƙirga Kusurwar Zuma

A kasuwar Gozaki, bayan jakunan fatake, wani baƙo yana tsugune, rawaninsa duk jar ƙasa. Ina jin malami ne da ɗalibai suka gaji da tambayoyinsa. Yana mulmula 'yan curin yumɓu, yana matse su wuri ɗaya. Na tsaya kallo, da saƙar zuma a hannuna.

"Samari, duba. In sun matsu, kowanne kusurwa shida yake yi. Ina zaton haka ƙudan zuma ke gina ɗakunansa. Riƙe mini saƙar zuman nan taka, ita kaɗai ta rage a kasuwa."

Ina ta gyaɗa kai. Wajen sauraro kam, kowa ya shaide ni.

Yana gamawa ya miƙo hannu. "Kawo mu gwada."

Na tofar da kakin a hankali. "Malam, akwai daɗi dai."